Zabuwa a Aljihun Mutari

Jawabin da aka gabatar a sadakar arba'in ta marigayi Metir Isaka Mijinyawa, a ƙofar gidansa da ke Zongo, Yamai, ranar Lahadi 12 ga Yuni, 1966.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma wakilin ma'aikatar ilimi ta ƙasa, mai girma mai unguwar Zongo, Malam Liman da malaman da suka rako shi, diraktoci da malaman lakwal na birnin Yamai, mahaifiyarmu Inna Hamsatu, uwargidan marigayi, ƙannena Hadizatu da Aisa, 'ya'yansa, dattawan unguwa, maƙwabta, da dukan wanda ya baro sabgarsa ya zo ya zauna a kan tabarmar nan: assalamu alaikum.

Sunana Haruna Mumuni. Ina riƙe da lisansi a fannin shari'a daga jami'ar Dakar, ina aiki a ma'aikatar shari'a ta wannan ƙasa tamu da ba ta cika shekara shida da samun 'yanci ba, kuma ni ne yaron da marigayi ya taɓa ɗaga littafin rubutunsa sama a gaban sufeton lakwal, ya ce, “Ga yadda ake rubutu.” Na ambaci waɗannan ne domin a ƙa'idar shari'a ba a karɓar shaida sai an san matsayin mai bayar da ita. Iyali ne suka zaɓe ni in yi magana. Maƙasudina biyu ne: in bayyana girman wanda muka rasa, sannan in gabatar da buƙata a bainar jama'a ga mutum ɗaya da ke zaune a nan. Na nemi izinin Inna Hamsatu a kan na biyun. Ta dube ni ta ce, “Ko na hana ka sai ka faɗa. To faɗi, amma kada ka ja da tsawo, masa na hucewa.”

Mu mutanen Zongo, da mu da muka cika ma'aikatun ƙasar nan a yau, mun rasa mutumin da ya fara kama mana hannu. Metir muke ce masa, mu da muka zauna ajinsa, kuma har muka yi gemu bakinmu bai iya wani suna ba.

Ya kasance malamin lakwal tun zamanin da iyaye ke ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu idan aka zo ɗibar yara. Ya kasance mai shiga gida-gida, nan da Hausa, can da Zabarmanci, yana lallashin tsofaffi har su yarda cewa karatun Nasara ba ya cire wa yaro salla daga goshi. Ya kasance, bayan ya ajiye aiki, yana tara direbobi da teloli da 'yan kasuwa bayan la'asar a wannan zaure, yana koya musu rubuta sunayensu, domin a falsafarsa ƙasa ba ta gama samun 'yanci ba muddin 'ya'yanta na dangwala yatsa a takarda. Da yawa daga cikinku a nan kuka fara jan harafi. Ina ganin fuskokinku.

Amma idan na tsaya a kan hidimar jama'a kaɗai na yi wa tarihi ha'inci, domin kowa a Zongo ya san Metir da wani abu dabam. Ya kasance masoyin alƙalami, irin na ƙarfe mai shan tawada a cikinsa, wanda wasu ke kira istilo. Wani yana kiwon tantabaru, wani yana kiwon doki, shi alƙaluma ya yi kiwo. Suna cikin wani akwatin katako, kowanne naɗe a ƙyallensa, kowanne da sunansa, kuma mazaunin akwatin gindin randa ne, inda ƙasa ke da sanyi, saboda zafin bazarar Yamai na narkar da 'yar jakar robar da ke riƙe tawada.

Kowace Lahadi da hantsi, a daidai wurin da nake tsaye, yakan shimfiɗa tabarma, ya jera kofuna, a yi abin da ya sa wa suna wankan alƙaluma. Maƙwabta suka laƙaba mana 'Yan Tawada, da nufin zolaya, muka karɓi sunan muka mai da shi lambar girma. Ba ya wanka da ruwan gulbi, ya ce akwai laka. Ba ya wanka da na pampo, ya ce akwai gishirin da ido ba ya gani. Ruwan sama yake tara a tulu na musamman, kuma ba kowane ruwan sama ba. “Na farko wankin rufi ne,” in ji shi, “na biyu ɗauraya, na uku shi ne na alƙalami.” Da wannan tulu yake lallaɓawa har damina ta zagayo, kuma Inna Hamsatu shaida ce cewa ko gidan ya kwana da ƙishi ba a taɓa shi.

Ya kasance yana koya mana zaɓe. “Kada ka zaɓi alƙalami da ido, ido mai son ƙyale-ƙyale ne. Rufe idonka ka ja layi. In ka ji yana kuka a takarda, mayar musu da abinsu.” Ya koya mana cewa a bazara ana cika shi fal, domin iskar da ke cikin wanda ya yi rabi takan kumbura da zafi ta tofar da tawada. Idan ya ga ma'aikaci ya wuce da shuɗin tabo a aljihun farar riga, sai ya ce, “Ga wani ya ɗaga tutar jahilci.” Ya koya mana cewa ba a haɗa tawada biyu a ciki ɗaya, ba a kwantar da alƙalami da bakinsa ƙasa, ba a kuma barinsa ya yi wata da tawada a ciki ba a rubutu, domin takan bushe ta toshe masa maƙogwaro.

Wata Lahadi wani babban malami, wanda ba zan ambaci sunansa ba ko da yake ina ganin yana murmushi a sahun gaba, ya kawo sabon alƙalamin da aka yo masa tsaraba daga hajji, ya ce ya ƙi rubutu. Metir ya buɗe, ya sansana, ya ce, “Allah gafarta Malam, me aka ba shi?” Malam ya ce tawada ce, mai kyau kuwa, shi da kansa ya dafa ta. Tawadar allo ce ya ɗura masa, da ƙaronta da komai. Metir ya riƙe dariya har kafaɗarsa na rawa, ya ce, “Wannan ɗan Nasara ne, cikinsa bai iya tuwon ƙaro ba.” Sai da alƙalamin nan ya yi mako a jiƙe cikin ruwan tulu kafin ya farfaɗo, kuma Metir bai karɓi komai ba sai addu'a.

Babbar dokarsa kuwa, wadda ba ta da sassauci, ita ce ba a aron alƙalami. Yakan ce alƙalami kamar asuwaki ne. Hujjarsa ta ilimi ce: bakin alƙalami yana cinyewa sannu a hankali gwargwadon yadda mai shi ke karkata hannu, har ya zama ba ya gudu sosai sai a hannun nan kaɗai. Baƙon hannu, ko na ɗan'uwa ne, ɓata shi yake yi. Na taɓa gani da idona wani babban ma'aikaci ya miƙo hannu a wurin ɗaurin aure ya ce, “Metir, ara mini in sa hannu.” Metir ya ce, “Ranka ya daɗe, in ara maka rigata dai.”

Yanzu na iso ga Zabuwa. A cikin akwatin nan akwai wata da ta fi sauran daraja, baƙa mai ɗigo-ɗigon fari, shi ya sa ya kira ta Zabuwa. Ya saye ta a Kwatano tun yana saurayi. Ita ce kaɗai ba ya barin kowa ya wanke, ni ma da nake wanke sauran. Ita ce kaɗai ba mu taɓa ganin ya yi rubutu da ita ba, amma kowace Lahadi da ɗanyar tawada a cikinta take zuwa wanka, alamar tana aiki a wani wuri da ba mu sani ba. Tun ina ɗan lakwal nake kallon Zabuwa. Metir bai haifi ɗa namiji ba, ni kuwa maraya ne, a zauren nan na yi rabin ƙuruciyata. Ban taɓa tambaya ba, amma a raina na riga na yanke hukunci cewa wata rana tawa ce, kuma ina zaton duk wanda ya san mu haka ya ɗauka.

Ranar da zan tafi Dakar ya kira ni, ya buɗe akwatin. Ya tsallake Zabuwa ya ciro wani sabo ful, wanda bai taɓa shan tawada ba, ya ce, “Tafi ka koya masa hannunka.” Da shi na rubuta jarrabawar lisansi, da shi na rubuta wannan jawabi, kuma alƙalami ne da ba ya jin kunyar shiga gaban kowa. Na yi godiya. Na ce a raina, Zabuwa sai na dawo.

Jama'a, ku dubi sahu na uku, gefen hagu. Ga Mutari Issoufou nan, mai butik a bakin kasuwa. Ku dubi aljihun rigarsa. Abin da ke ƙyalli a nan maƙalin Zabuwa ne.

Ga waɗanda ba su san mu ba: ni da Mutari benci ɗaya muka zauna a ajin Metir. Ni ne na farko a rubutu, shi ne na ƙarshe, kuma ba zai musa ba. Bai kai ga jarrabawar satifika ba ya bar lakwal ya bi mahaifinsa kasuwa, Allah kuwa ya buɗa masa. Bai taɓa zama a wankan alƙaluma ba ko sau ɗaya. Abin da ya fi wannan ciwo, shi ne babban dillalin bik a Yamai, wannan tsinken roba da ake rubutu da shi a yar idan ya ƙare, wanda Metir ke cewa ba shi da uwa ba shi da uba. Katan-katan yake sauke shi. Tun da aka yarda yara su shiga aji da bik, duk yaron da ya daina koyon riƙe alƙalamin kirki a garin nan, da hannun Mutari a ciki.

Kwana uku kafin rasuwa, ina zaune a gefen gadon Metir ina yi masa fifita, ya ce wa Hadizatu ta je ta kira Mutari. Da ya iso, Metir ya dube ni ya ce, “Haruna, ɗan ba mu wuri.” Ni. Na fita na tsaya a gindin randa, kusa da akwatin, ina riƙe da mafici kamar baƙo. Da Mutari ya fito idonsa jawur, ga Zabuwa a aljihunsa.

Malamai sun bambanta hassada da gibɗa. Hassada ita ce ka so ni'ima ta gushe daga ɗan'uwanka, kuma haramun ce. Gibɗa ita ce ka so irinta ba tare da tasa ta gushe ba, kuma an yi rangwame a kanta. Na auna zuciyata a kan wannan ma'auni, na iske mas'alata ta fi ƙarfin rabe-raben, domin Zabuwa ba ta da irinta. Ba yadda zan so ta ba tare da na so ta bar aljihun Mutari ba. Saboda haka ina faɗa a gaban Malam Liman: ina kishi. Na duba kyautar nan ta fuskar shari'ar Musulunci, na duba ta ta fuskar dokar da na karanta a Dakar. Mai kyauta yana cikin hankalinsa, abin bai kai sulusin dukiya ba, an miƙa, an karɓa. Ta inganta. Da akwai kafa ko ta allura ce, da na same ta, domin na nema.

Bayan sadakar bakwai na tarar da Inna Hamsatu a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa na ce, “Inna, laifin me na yi wa Metir?”

Ba ta ɗago ba ta ce, “Kai da karatunka har Dakar, shekara nawa kana cin abinci a gidan nan, ba ka taɓa lura da hannun da yake ɗaure wando da shi ba?”

Na ce ban gane ba.

Ta ce, “Bahago ne, ɗana. Da hagu Allah ya yi shi. Yana yaro a lakwal aka ɗaure masa ita a baya da igiya har dama ta koyi rubutu. Duk rubutun nan da kuke yabo, na aro ne. In ya dawo daga masallaci da asuba sai ya tura ƙofa, ya ɗauko Zabuwa, ya yi ta rubutu da hagunsa har rana ta fito. Ni kaɗai na sani, sai yaran nan.”

Na ce, “Ina takardun?”

Ta ce, “Wace takarda? Kullum in ya gama sai ya miƙo mini ya ce in hura wuta. Kokon da kake sha in ka zo da safe, da me kake zaton ake dama shi?”

Jama'a, na yi shekaru ina shan kokon da aka dafa da rubutun Metir na gaskiya, ban taɓa ganin layi ɗaya nasa ba.

Na ce, “To Mutari fa?” Ta ce, “Wannan kuma je ka tambaye shi. Ni ba 'yar aikenku ba ce.”

Na ɗauki gilashin da Metir ke duba bakin alƙalami da shi, na tafi butik. Na iske Mutari a tsakiyar katan-katan na bik. Da ya hango ni ya ce, “A'a, Lisansi da kansa. A kawo kujera, kada shari'a ta tsaya a rana.” Na ce ba zama ya kawo ni ba, so nake in ga bakin Zabuwa. Ya ciro ta, ya buɗe, amma bai sake ta ba. A hannunsa na duba. Bakin ya cinye ta gefen da ban taɓa ganin alƙalami ya cinye ba, kamar takalmin mai taka gefe ɗaya. Inna ta yi gaskiya. A hannuna, da duk kyawun rubutuna, Zabuwa karce za ta yi, kuma in na matsa mata wata biyu na goge hannun Metir daga bakinta har abada.

Sai a lokacin na tuna abin da na gani ina yaro ban ba shi muhimmanci ba. Mutari ma bahago ne. A bencinmu, duk lokacin da ya ɗauki alli da hagu, katakon jan layi ne ke sauka a kan yatsunsa, kamar yadda dokar lakwal ta wancan zamani ta tanada, kuma wanda ke riƙe da katakon Metir ne. Ina gefe ina jin ƙarar, ina ci gaba da zana haruffana masu kyau.

Na ce, “Me ya ce maka a ɗakin?”

Mutari ya daina dariya. Ya ce, “Bai yi dogon zance ba, ba irinka ba ne. Hannuna na hagu ya kama ya riƙe. Ya ce, nan ne ko? Na ce, Metir, ai na mance. Ya ce, ni ban mance ba. Sai ya sa mini ita a ciki ya rufe yatsuna.”

Na ce, “Ka yi rubutu da ita?”

Ya ce, “Da wane hannun? Hagun nan tun barina lakwal ba ta riƙe alƙalami ba. Kuma ka san mutanenmu. In na rubuta wa Alhaji takardar kaya da hagu na miƙa masa, gobe a wani butik zai saya. Bar ni dai in riƙa sa ta a aljihu, ina jin nauyinta.”

Na ce, “To ba ni ita in ajiye, in riƙa wanke ta. Ba zan yi rubutu da ita ba.”

Ya mayar da murfin, ya maƙala ta, ya ce, “Ba a aron asuwaki, Lisansi. Kai ka fi ni sanin dokar.”

Wannan shi ne halin da ake ciki, ya ku jama'a. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, kuma zanen wannan na hagu ne. Na fahimci hikimar Metir sarai. Ya kasance mai adalcin da bai yarda ya tafi kabari da haƙƙin yatsun yaro ba, alhali doka ce ta sa shi, alhali shi ma haka aka yi masa. Ya kasance malamin da ya ba wanda ya faranta masa sabon alƙalami, ya ba wanda ya ɓata wa nasa na kansa. Hankalina ya sallama, zuciyata ce ta ɗaukaka ƙara. Ni na yi masa fifita, ni na tara masa ruwa, ni na haddace dokokinsa, amma da za a mayar da mu bencin nan a ce in zaɓa tsakanin yabon sufeto da katakon da ya sauka a yatsun Mutari, yau ban san wanda zan ɗauka ba.

Sai dai akwai abin da ya fi kishina gaggawa. Inna ta tabbatar mini cewa Metir ya cika Zabuwa da kansa kafin ya kwanta ciwo. Yau fiye da kwana arba'in ke nan tawadar na cikinta, a aljihun mutumin da ke wuni a zafin kasuwa. Tana bushewa a wannan sa'a da nake magana. Idan aka ƙara wata ɗaya a haka, maƙogwaronta zai toshe, jakarta ta ƙage, ta zama abin ado kamar maɓallin riga. Kuma tunda takardun sun tafi murhu, bakin Zabuwa ne kaɗai wurin da hannun Metir na gaskiya ya saura a duniya. Ba mai iya fito da wannan layi a takarda sai bahago. Ni ba zan iya ba. Mutum ɗaya aka ba, kuma ya mai da ita kwalliyar aljihu.

Inna Hamsatu, ke kika rufa wa mijinki asiri tsawon zaman aure, kika hura wuta da abin da ya fi so ba ki taɓa yi masa gori ba. Allah ya saka miki. Ki yafe mini in na buɗe abin da kika rufe. Na yi ne da izininki, kuma ba na ganin aibi a hannun da Allah ya halitta. Hadizatu da Aisa, mahaifinku bai bar muku ɗan'uwa namiji ba, amma ya bar muku mu, kuma ƙofar nan ba za ta rasa mai sallama ba muddin ina numfashi. Akwatin alƙaluma naku ne bisa gado. Abin da nake roƙo kawai ku bar shi a gindin randa, ku bar mu mu ci gaba da shimfiɗa tabarma ranar Lahadi. Metir ya rasu tulunsa ya kusa ƙafewa, bai ga damina ba. Ruwa na uku ya sauka daren Laraba, na tara shi, tulun ya cika.

Ga wakilin ma'aikatar ilimi, ina da kalma ɗaya: akwai yara bahagwai a azuzuwan jamhuriyar nan a yau, kuma katakon bai huta ba. Ku duba.

Ina godiya ga manyan baƙi da suka girmama wannan zama, da malaman da suka sauke Alƙur'ani tun safe, da matan unguwa da suka kwana a kan tanda, da 'Yan Tawada da suka ɗauki makara. Ya Allah, ka jiƙan bawanka Isaka ɗan Mijinyawa. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi gwargwadon idanun da ya buɗe. Ka sanya kowane harafi da ɗalibansa suka rubuta na alheri a mizaninsa. Ka yafe masa abin da ya yi bisa dokar mutane, ka ba shi littafinsa a hannun dama. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka wanke zukatanmu daga abin da ba ka so, ka fara da tawa. Amin.

Saura buƙatata. Mutari Issoufou, ɗan'uwana, abokin bencina, ina neman amsa daga gare ka a rubuce, zuwa ranar Lahadi 26 ga wannan wata na Yuni, kafin azahar, a nan ƙofar gidan. Ka bayyana ko ka karɓi amanar da aka sa a hannunka, ko kuwa za ka mayar da ita akwati ta kwanta tare da 'yan'uwanta, inda zan wanke ta in naɗe, ba kuwa wanda zai ƙara rubutu da ita, har da ni. Sharuɗɗa uku ne. Da Zabuwa za ka rubuta. Da hagu za ka rubuta. Kai da kanka za ka rubuta. Na ga bakinta, saboda haka in ka yi da dama zan gane, in ka yi da bik kuwa kada ma ka taso. In ta ƙi zuba, kawo ta Lahadi mai zuwa, ruwan yana nan, zan nuna maka yadda ake yi ba tare da na taɓa ta ba.

Ba na neman balaga, ba na neman rubutu mai kyau, na san iyakarka. Layi ɗaya ya isa, ko ya karkace kamar hanyar jaki. So nake in ga, sau ɗaya a rayuwata, irin layin da malamina ke ja idan ya tura ƙofa. Zan karɓa da hannu biyu, kuma wannan takarda ba za ta shiga murhu ba.

Haruna Mumuni
Mai lisansi a fannin shari'a
Zongo, Yamai